Jirgin Katako a Tsakar Gidanmu

Shekarar da Yayana ya dawo daga Libiya, da jaka ɗaya ya dawo, sai shiru mai yawa. Shekara bakwai ya yi a can. Kafin ya tafi kafinta ne, kuma a unguwarmu ta Mamobi duk wanda ya taɓa sayen kujera a hannunsa ya san ba ta girgiɗi. Kayan aikinsa suna nan cikin buhu a ƙarƙashin gadon Baba inda ya bar su, amma ko bakin buhun bai kwance ba. Sai ya zauna a benci a ƙofar ɗaki tun safe har la'asar. In an gaishe shi ya amsa, in an miƙa masa abinci ya ci.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya uku. Ni ce auta a wurin Baba. Ɗinki nake yi a ƙaramin shago bakin titi, kuma ni nake kula da shi tun da hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Don haka kullum sai in fita in bar maza biyu a zaune, ɗaya a kujera ɗaya a benci, ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan. Filin jirgi ba shi da nisa da unguwarmu, jirage suna wucewa ta kanmu har mun daina jin su. Baba kaɗai ke ɗaga kai. Kusan shekara talatin ya yi yana wanke jirage a can kafin kamfanin da yake wa aiki ya rufe.

Da damina ta kankama, rufin ɗakin Baba ya fara yoyo daidai kan akwatinsa na ƙarfe. Wata Lahadi na jawo akwatin tsakar gida don in shanya abin da ke ciki. Akwai tsofaffin takardu, da hular aikinsa, da shafin wata kalanda da ya naɗe cikin leda. Hoton jirgi ne, fari, dogo siriri, da zane ja da ruwan ɗorawa da kore tun daga hanci har baya. Injunansa huɗu ba a ƙarƙashin fukafukai suke ba kamar na yanzu. A baya suke, biyu-biyu, manne da gindin wutsiya, ita kuma wutsiyar ta miƙe sama ta yi shimfiɗa a kanta kamar tebur.

Baba ya miƙo hannunsa mai lafiya ya karɓi takardar.

"Wannan shi na fara wankewa," in ji shi. "Ranar da aka ɗauke ni aiki, aka ba ni bokiti da doguwar sanda mai soso a kai, aka ce in shiga ƙarƙashinsa. In ya tashi, kwanukan rufin unguwar Nima sai sun amsa."

Tun da ciwon ya same shi ban ji ya haɗa magana mai tsawo haka ba. Ya yi ta ba da labari, harshensa na sarƙewa yana warwarewa: yadda ake hawa tsani a goge tagogi ɗaya bayan ɗaya, yadda rana ke gasa ƙarfen har ba a iya dafa shi, yadda aka daina amfani da jirgin bai fi shekara uku da fara aikinsa ba. Bai taɓa shiga ya zauna a kujerarsa ba sai da tsumma a hannu.

Yaya yana daga bencinsa yana ji. Can sai ya taso, ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ya durƙusa gaban Baba ya fara auna hoton. Ya auna tsawon jirgin, ya karya tsinken, ya auna fiffike.

"Baba, daga ƙasa zuwa bakin ƙofarsa, tsayin mutum nawa ne?"

"Kusan biyu. Me ya sa?"

"Ba komai," in ji Yaya.

Kwana uku bayan haka na dawo daga shago na tarar an kwance buhun. Zarto da guduma da sauran kayan suna shanye a rana an shafe su da mai. Wani tsohon abokin aikin Yaya ya ba shi ragowar filawud, shi kuma ya je kasuwar katako ya ɗauko wani farin katako marar nauyi da mutanen ƙasar nan ke kira wawa. Sunan itacen ke nan da yarensu, amma a gidan da ake jin Hausa ba a bar irin wannan ta wuce. Kafin magariba matan gida suna ta faɗa wa juna cewa wawa ya sayo wawa. Na ji tsoro kada maganar ta kai kunnensa. Ta kai, kuma a nan na fara jin dariyarsa tun da ya dawo.

Ya fara da ƙashin bayan jirgin, dogon katako ƙafa goma sha biyu, ya ɗora shi a kan benci biyu. Ya yanka zobba daga filawud, manya a tsakiya, suna ƙanƙancewa zuwa hanci da wutsiya, ya jera su a jikin katakon. Mako guda abin ya yi kama da ƙayar kifin da aka cinye. Daga nan ya tsaga wawan siri-siri ya dinga lulluɓe zobban, yana sa gam, yana buga ƙananan ƙusoshi, yana ferewa. Baba ya sa aka juya masa kujerarsa ta fuskanci wurin. In Yaya ya fere hanci, sai Baba ya girgiza kai ya ce ya yi tsini da yawa, ko ya yi kumburi, Yaya ya sake.

Da gangar jikin ta rufu, sai ga Hajiya mai gidan. Dattijuwa ce, a ɗakin ƙofa take zaune, kuma Hausarta irin ta zango ce, kowa namiji ne a bakinta, har ita kanta. Ta zagaya abin sau biyu tana dogara sanda.

"Kai kafinta, wa zai mutu?"

Yaya ya ce, "Ba kowa, Hajiya."

"Ni ya je Teshi, ni ya gani da idona. Gidana gidan Musulmi ne. Ba a yin wannan nan."

Sai a lokacin muka gane. A Teshi, can bakin teku, mutanen ƙabilar Ga suna sassaƙa akwatin gawa da siffar kifi ko mota ko jirgin sama, gwargwadon sana'ar mamacin. Ashe kwana biyu ke nan ana raɗe-raɗin cewa Yaya ya karɓi irin wannan aikin ya kawo mana cikin gida.

Yaya ya ɗaga wani ɓangare da bai riga ya buga ba. "Leƙa ki gani, Hajiya. Zobba ne cike. Ko kyanwa ba ta da wurin kwanciya a ciki."

Ta leƙa, amma fuskarta ba ta saki ba. Sai Baba ya yi gyaran murya daga kujerarsa.

"Hajiya, ni ake yi wa. Kuma ban shirya tafiya ba tukuna."

Ta dube shi, ta dubi jirgin, ta rufe baki da gefen mayafi. Da ta gama dariyarta ta kafa sharaɗi. Tsakar gidan nan a nan ake ɗaure raguna, saboda haka kafin Babbar Salla abin nan ya bar mata gida, ko an gama ko ba a gama ba. Saura wata uku da 'yan kwanaki.

Yaya ya yi fukafukan daban, yadda za a iya ɗaure su da noti a kuma kwance. Injunan ya yanko su daga bututun ruwa na roba, ya sassaƙa musu baki da katako. Ranar da ya ɗora su tare da wutsiya, ya saki hannu, sai jirgin ya ɗaga hanci sama ya zauna daɓas a kan gindinsa. Baya ya fi gaba nauyi. Yaya ya tsaya yana kallonsa, hannu a ƙugu, na ga alamar shirun nan yana son dawowa. Na tafi shago na ɗauko tsofaffin dutsen guga biyu na gawayi da na daina amfani da su tun da na samu na lantarki. Ya buɗe hancin ya cusa su ciki ya ɗaure da waya. Jirgin ya sauko a hankali ya tsaya a kan tayoyinsa. Har yau dutsen gugata na cikinsa.

Aiki mafi cin rai shi ne gogewa. Yaya ya je Abossey Okai, unguwar masu kayan mota, wurin wani mai fentin mota da suka yi makarantar allo tare, ya samo foti, wato abin nan da ake cike lotsawar mota da shi kafin a fesa fenti. A shafa, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a shafa hannu a ji inda ya rage, a sake. Ranar Juma'a ba na buɗe shago sai bayan an sauko daga masallaci, don haka da hantsi nakan ɗauki samfefa in kama masa. Farar ƙura ta rufe mu har gira.

A irin wannan hantsin ne, yana goge ƙarƙashin fiffike ina goge sama, ba ma ganin fuskar juna, ya ce, "Auta, kin san a jirgi aka dawo da mu?"

Na ce na sani.

"Shi ne hawana na farko. An ba ni kujerar taga. Tun da muka tashi har muka sauka ban leƙa ba. Na ja abin rufewar na rufe. Ina ta tunanin da wane ido zan dubi Baba, na tafi da sana'a a hannuna na dawo da silifa."

Na ci gaba da gogewa. Can na ce masa Baba bai taɓa tambayata abin da ya kawo ba, abin da yake tambaya kullum shi ne ko ya ci abinci. Na ji samfefar Yaya ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Daga ranar, jefi-jefi yakan ba ni labarin can, mai daɗi da marar daɗi. Akwai wanda har yanzu bai ba ni ba, ni ma ban tambaya ba.

Mai fentin ya zo da injin fesawarsa wata Asabar. Ya fesa na farko mai ruwan toka, ya bushe, aka goge, sannan ya fesa fari. Jirgin ya fito yana ƙyalli kamar sabon kwano. Ba a yi minti goma ba iskar hadari ta taso. Maƙwabciyarmu mai sayar da tuwon zafi ta riga ta hura murhunta a kusurwa, iskar ta kwashi toka ta watsa a kan ɗanyen fenti tun daga hanci har wutsiya. Matar ta fito da muciya a hannu ta tsaya, kamar ta yi kuka.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Wallahi ban sani ba."

Yaya ya ce, "Wutarki ta riga jirgina zuwa gidan nan. Ni ne ban duba sama ba."

Kwana huɗu muka yi muna goge abin da aka fesa. Asabar ta gaba, kafin mai fentin ya iso, na fito na tarar matan gida sun kwashe shanyarsu, sun jawo igiyoyin nan uku sun kewaye jirgin, sun rataya tsofaffin zannuwansu har ƙasa. Mai tuwo ta yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta, ta ce ba za ta hura wuta ba sai an ce mata ya bushe. Su ne dai masu cewa wawa ya sayo wawa. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera bakin labulen, duk wanda ya zo wucewa ta ce ya bi ta gefe.

Zanen launuka ni ya faɗo wa. Yaya ya gwada a jikin wani katako, layin ya fito kamar hanyar tururuwa. Ya miƙo mini burushin ya ce wadda ke bin layin ɗinki kullum ita ta san miƙaƙƙe. Na shafa wa zare allin tela, muka ja shi daga hanci zuwa baya, na ɗaga na saki ya bar mini layi a jikin farin. Na bi shi da tef. Ja bai ba mu wahala ba, ruwan ɗorawa ma haka. Kore ne Baba ya ƙi har sau uku. Hoton kalandar ya koɗe, shi kuma launin yana nan a idonsa.

"Wannan na ganyen latas ne," in ji shi. "Ƙara masa duhu. Kamar ganyen gwaza bayan ruwa."

Na ɗiga baƙi kaɗan na juya, na shafa a bayan hannuna na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa kafin ya ɗaga kai.

Tagogin na yanka su a takarda mai kauri, irin wadda nake fitar da samfurin riga da ita, na dinga ɗorawa ina cikewa da baƙi. Kwana biyu ina yi. Da na gama ɓari ɗaya, Baba ya sa Yaya ya riƙe shi, ya taka a hankali yana bin su da yatsa yana ƙirgawa a ransa. Da ya kai ƙarshe ya ce saura biyu. Na kawo hoton na ce ga shi, daidai na bi. Ya ce fiffike ne ya kare su a hoton, amma suna nan, shi ya goge su. Na ƙara biyu. Na zana baƙin tauraro a wutsiya, na rubuta sunan kamfanin kamar yadda yake a takardar.

Saura kwana tara Salla Yaya ya zo da wata shawara. Ya ga a waya yadda masu irin wannan aikin a ƙasashen waje ke yi: in sun gama fenti, sai su shafa ɗan baƙi-baƙi a bayan injuna da ƙarƙashin ciki, kamar hayaƙi da tsiyayar mai, don abin ya yi kama da jirgin da ya sha tafiya. Ya daka gawayi ya tankaɗe, ya ɗauki busasshen burushi ya fara shafawa a bayan injin hagu. Gaskiya ya yi kyau. Nan take jirgin ya daina kama da abin wasa.

Baba ya ce, "Mene ne wannan?"

"Hayaƙin inji ne, Baba. Haka yake a gaske."

"Na san haka yake. Haka yake in ya sauka." Ya ja numfashi. "Amma bai taɓa tashi da shi ba. Wannan baƙin shi ne aikina. Kawo mini tsumma."

Yaya ya tsaya da burushin a hannu. Sannan ya ajiye, ya jiƙa tsumma ya matse, ya kama Baba ta hammata ya kai shi gindin wutsiyar. Baba ya goge wurin da hannunsa na dama, a hankali, daga sama zuwa ƙasa, ya juya tsumman ya sake bi. Ya ɗan ja baya ya karkata kai ya duba ta gefen haske, ya koma ya goge wani ɗan wuri da ni ban ga komai a kai ba.

Inda za a kai jirgin ya zo da sauƙin da ban zata ba. Shugabar wata makarantar firamare a Nima, wadda nake wa ɗinki, ta biyo ni gida karɓar kayan Sallarta, ta gan shi. Ta ce suna da rumfa a harabar makaranta da ruwa ba ya taɓawa, in mun yarda. Fitar da shi ne ya zama aiki. An kwance fukafukai, amma lungunmu yana da wata kwana da ko katifa sai an lanƙwasa take wucewa, gangar jikin kuwa ba ta lanƙwasuwa. Aka gwada ta gaba, aka gwada ta baya. A ƙarshe mazan gida da na maƙwabta suka naɗe shi da barguna, wasu suka hau katanga, aka miƙa shi ta sama zuwa gidan bayanmu wanda ƙofarsa ke kallon titi. Na ɗan lokaci jirgin yana sama da rufin kwano a hannun mutum takwas, masu koko da ƙosai a bakin titi sun bar abin da suke yi suna kallo. Washegari aka ɗaure raguna a inda ya tashi.

Kwana biyu bayan Salla muka ɗauki Baba a tasi muka kai shi makarantar. Na zaci 'yan makaranta ne za su cika wurin, kuma sun zo, amma waɗanda suka fi daɗewa a tsaye tsofaffi ne. Labari ya zaga masallatai. Wani ya ce a cikin irinsa mahaifiyarsa ta tafi aikin Hajji, duk dangi suka raka ta filin jirgi da kuka kamar ba za ta dawo ba. Wani ya ce shi dako yake yi a lokacin, ya san ƙofar kaya, ya zagaya ya nemo ta ya nuna wa na kusa da shi. Baba yana zaune a tsakiyarsu da hular aikinsa a ka, ana tambayarsa yana amsawa, in wani ya yi kuskure ya gyara masa.

Daga cikinsu akwai wani tsohon direba da ya yi shekaru yana jan babbar motar katako daga tashar Tudu zuwa arewa. Ya ja Yaya gefe ya ce shi ba ruwansa da jirgi, motarsa yake so a yi masa, da bodinta na katako da tsanin hawa da komai, kafin ya manta kamanninta. Shugabar makarantar kuma ta tambaya ko zai gyara musu tebura da suka karye. Yaya ya ce zai duba. Kafin wata ya ƙare ya kafa tebur ɗin aikinsa a wata rumfa kusa da shagona, kuma ƙarar zartonsa nake ji yanzu in na tsayar da keken ɗinki.

Motar direban ta kusa ƙarewa. Ƙafa biyar ce, shuɗiya, kuma an ce ni zan rubuta kirarin da ke goshinta. Matsalar ita ce tsohon ya zo sau uku, kowane zuwa da kirarin da yake cewa shi ne a jikin motar. Jiya ya zo da matarsa don ta raba gardama, ita kuma ta kawo na huɗu. Na ce su je gida su shirya tsakaninsu, fentin ba zai bushe a gwangwani ba kafin Litinin.